Aikin taskar tarihin garinmu: inda muka kwana

9 ga Janairu

To alhamdulillahi, yau dai makullin ɗakin da za mu adana kayan tarihin ya shigo hannunmu. Tsohon sito ne a bayan makarantar firamare, bashi da wani girma amma rufinsa lafiya lau, taga ɗaya ce kuma rana bata dukanta kai tsaye, wanda shine abin da na fi dubawa don haske yana cin tawada yana kashe launin hoto, kuma abin da ya ci ya ci kenan baya dawowa. Mun share, mun toshe ramukan ɓera da siminti. Mai waldan da ke cikin kwamitinmu ya ɗau alkawarin haɗa mana kantoci na ƙarfe, na roƙe shi kantar ƙasa ta ɗaga daga daɓe kamar santimita 15 kuma kar a manna su da bango, saboda gara da danshi duk ta nan suke bi.

Kayan da ke hannu zuwa yanzu akwai tsofaffin rajistocin makarantar, da littattafan taron wata ƙungiyar 'yan kasuwa da ta watse tuntuni, da akwatin ƙarfe cike da wasiƙu daga gidan marigayi tsohon ma'aikacin gidan waya, sai buhun hotuna da wata baiwar Allah ta kawo ta ce tun rasuwar mijinta ba wanda ya buɗe shi. Matasan da suka zo taimako suna ta ɗoki a zazzage komai a ware, wasiƙu gefe hotuna gefe rasidai gefe. Na ce a'a, wannan kam ba za mu yi ba. Tun 1841 ma'aikatan adana takardu na Faransa suka kafa ƙa'idar cewa kayan da suka fito daga hannu ɗaya ba a gauraya su da na wani hannun, kuma daga baya aka ƙara da cewa a bar su yadda mai su ya jera abinsa. Dalilin a fili yake, rasit ɗin da ka samu naɗe cikin wasiƙa shi ke gaya maka akan me ake magana a wasiƙar, in ka raba su ka samu takardu biyu da ba wanda zai ƙara gane kansu. Saboda haka kowane gida mun bashi lambarsa, sannan lambar kwali, sannan lambar takarda, misali 004-02-017. Da fensir ake rubutawa a baya can kusurwa, ba dannawa. Biro baya shiga ɗakin nan.

23 ga Janairu

Rajista biyu daga na makarantar akwai ƙwari a ciki, kana ɗagawa garin takarda na zubowa, ga kashin kyankyaso ga asu na gudu tsakanin shafuka. Nan take wani ya ce a kawo maganin feshi. Bamu yarda ba, don feshi yana barin maiƙo a takarda kuma duk wanda zai taɓa ta nan gaba shi zai kwashi gubar a hannu. Sanyi muka zaɓa. Ana sa littafin a leda mai kauri a matse iskar a ɗaure tam, a sa a firiza, in sanyinta ya kai digiri -18 a barshi sati biyu cur, manyan gidajen tarihi masu firizar -30 su kwana uku ya ishe su. Sharaɗin shine kar wuta ta yanke a tsakiya, shi yasa muka kai gidan ɗan kwamitinmu mai sola. In an fito da shi kuma ba a kwance ledar sai ya kwana, don raɓar ta taru a jikin leda ba a jikin takarda ba. Hotuna da kaset bamu sa ba.

Sauran aikin satin nan cire ƙarafa ne, fin da kilif da wayar sitefila duk sun yi tsatsa sun huda takardu, ga robar ɗauri da ta narke ta manne. Inda aka liƙa salatif mun barshi yadda yake, ɓamɓare shi aikin gwani ne, mu in muka ja da rubutun zai taho. Yankakkun jaridu mun raba su da wasiƙu da farar takarda a tsakani, domin takardar jarida daga niƙaƙƙen itace da ba a tace ba ake yinta, tsaminta ne ke sa ta yi ja ta riƙa karyewa, kuma tsamin yana tsallakawa kan duk abin da ta kwanta a kai, zaka ga inuwarta ruwan ƙasa a jikin wasiƙar.

Wani dattijo ya zo da takardar shaidar aikin mahaifinsa an mata lamineshin, yana murna ya ce sauran ma gobe zai kai a yi musu. Na ce Baba, wannan da aka riga akai a barta haka, amma don Allah sauran kar a kai, zafi da gam ne ake narkawa cikin takardar kuma ba mai iya fito da ita lafiya. Ya ce to ai ruwa yake tsoro. Gaskiyarsa ne, sai muka bashi ambulan na takarda mai kyau muka ce ya sa a akwati a ɗora sama. Manyan ma'ajiyoyin Amurka ma sun yi ta yin irin wannan lamineshin daga shekarun 1930, daga baya suka daina da suka ga ledar na lalacewa tana tafiya da takardar.

6 ga Fabrairu

Magana ta zaga gari wai muna tattara takardun filaye da gonaki ne za mu miƙa wa wasu. Gida biyu da suka yi alkawari sun janye. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan, takardar fili ba abin wasa bace. Kwamiti ya zauna mun fitar da fom mai shafi ɗaya, mai kaya ne zai zaɓa: ko ya bayar kyauta, ko ya ajiye a wurinmu amma kayansa ne duk ranar da ya so ya karɓa, ko ya bada aro a ɗau hoto a mayar masa. A ƙasa kuma ya faɗi wa zai gani, kowa da kowa ne ko sai wanda ya zo ɗakin ko a rufe sai bayan wasu shekaru. Kwafi biyu, ɗaya nasa ɗaya namu, da ranar da za a mayar a rubuce. Takardar fili kuwa bata ma baro gidan mai ita, in ya so mu je can mu ɗauka a gabansa, in bai so ba shikenan.

27 ga Fabrairu

Sikana ta fara aiki. Takardu muna ɗauka a 300 dpi (ɗigo 300 a kowane inci), hotuna 600 tunda yawancinsu ƙanana ne kuma fuskokin ciki ake son gani. Uwar kwafi, wato babban kwafin da ake ajiyewa, fayil ɗin TIFF ce, shafin A4 mai launi yana cin wajen megabait 25, daga ita ake fitar da ƙaramin JPEG na turawa mutane a waya. Gaba da baya muke ɗauka ko da bayan kamar ba komai, don sau da yawa hatimin situdiyo ko wani ɗan rubutun fensir yana can. Rajistoci masu ɗinki bama kifa su a sikana, ƙashin bayansu karyewa yake, sai mu ɗora su a matashi mu buɗe iya yadda suka yarda, waya a kan sanda daga sama, fitila biyu hagu da dama a karkace, da rula a gefe don a san girman abin.

Ɗaya daga cikin yaran ya nuna min wata manhaja da ke gyara tsohon hoto ta sa masa launi ta fito da fuska tas. Abin da kyau a ido amma na hana a taɓa uwar kwafi da ita, saboda inda hoton ya dushe manhajar ƙirƙiro ido da hanci take, sai ka samu fuskar mutumin da ba a taɓa haifa ba an liƙa wa kakan wani. Wanda ke so ya yi a wayarsa don nishaɗi ga JPEG nan.

Kowane fayil sunansa lambarsa, kuma kowace lamba tana da layinta a jadawalin kwamfuta. Ginshiƙan mun ɗauko su daga Dublin Core, tsarin rubuta bayanin kayan ajiya mai gida 15 da aka fara a 1995, muka rage wanda bamu buƙata. Yau na zauna na duba jadawalin daga sama har ƙasa kuma abin ya tsaya min a rai. Gidan lamba a cike, gidan girma a cike, gidan wanda ya kawo a cike. Amma su waye a ciki, a ina, yaushe, kusan duk fayau. Buhun hotunan nan da muka gama ɗauka in aka barshi haka, taron baƙin fuskoki ne kawai muka adana da tsada.

19 ga Maris

Zaman farko da dattawa, kuma wallahi tun da muka fara ban ga ranar da ta kai ta yau ba. Mun buga kwafin hotunan da girma, kan kowane mutum muka sa ƙaramar lamba, ainihin hotunan suna cikin kwali ba wanda ya taɓa. Kowane tebur da yaro ɗaya mai rubutu da waya ɗaya tana ɗaukar murya, bayan an nemi izini.

Hoton da ya cinye rabin zaman shine na wasu mutane jere gaban wani gini mai baranda, na gaba a zaune kan benci na baya a tsaye. Baba tsohon hedimasta ya karɓi gilashin ƙara girma ya kai shi dab da takardar, ya daɗe shiru, sai ya ɗora yatsa kan lamba 6 ya ce wannan malamin lissafi ne, ga agogonsa nan a hannun dama, shi kaɗai ke ɗaura agogo a dama duk makarantar. Daga nan sunaye suka fara zubowa har mai rubutu ya ce Baba a ɗan sassauta. Ginin kuma ashe tsohon ajin farko ne da aka rushe, mu duk mun ɗauka wani ofis ne. Sai gardama ta tashi kan shekara, Baba hedimasta ya ce kafin a gina gada ne, wani dattijon da ya yi aikin tuƙi ya ce a'a Malam, bayan gada ne, don wannan na ƙarshen layi da motar kayan gadar ya zo garin nan ya zauna. Kowa ya kafe. Bamu raba musu gardama ba kuma ba aikinmu bane, abin da mukai shine rubuta maganar kowa da sunansa da ranar da ya faɗa, da kuma ko da idonsa ya gani ko ji ya yi. Da yamma muka buɗe rajistar malamai da ta fito daga firiza, sai ga malamin agogon nan shekara biyu kacal ya yi a makarantar. Yanzu hoton da bashi da ko alama ya dawo cikin tazarar shekara biyu, saura mu gano gadar a wace shekara aka gama ta. Takarda ita kaɗai bata ce komai ba, baki shi kaɗai ya rabu biyu, sai da aka haɗa su.

Abin da na lura kuma, mazan da ke hoto ana kiran sunansu har da na ubansu da sana'arsu, in an zo kan mata sai a ce ai matan gidan wane ne a wuce. Tsohuwa ɗaya ce ta zo zaman, tana gefe bata ce uffan ba, sai da na kai mata wani hoto na durƙusa na ce Inna ko kin san waɗannan? Ta karɓa ta nisanta shi da idonta, ta ce wannan ta tsakiya ai ita ta karɓi haihuwar rabin waɗanda ke zaune a ɗakin nan, ta faɗi sunanta da na wadda ta koya mata aikin, ta ce waccan mai riƙe da yaro kuma ita ce ta fara kawo keken ɗinki. Ɗakin ya yi tsit sannan kowa ya ce ƙwarai kuwa haka ne. Sun sani fa, kawai ba a saba tambaya bane. Mun yanke cewa 'yan matan da ke cikinmu za su riƙa bin tsofaffin mata gida da kwafin hotuna, ba sai an jira sun zo ba.

2 ga Afrilu

An mayar da kayan aro na gida huɗu, kowanne kafin ranar da aka rubuta, a cikin sabon ambulan tare da kwafin hotunansu da sunayen da aka gano. Ɗaya daga gidajen da suka janye a Fabrairu sun aiko a zo a duba wata jaka.

30 ga Afrilu

Jakar kaset ce. Mahaifinsu yana da rakoda kuma ashe mutum ne mai son ɗaukar hira, akwai muryoyin tsofaffin da suka rasu tun kafin a haifi yawancinmu, da saƙonnin murya da 'yan'uwa na nesa ke aikowa lokacin da ba waya. Wannan ya tsallake layi ya koma gaba da komai. Takarda in ta samu inuwa da bushewa zata jira mu, kaset ba zai jira ba, kuma ba zaren kaɗai ke mutuwa ba har injin da zai karanta shi. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, yau masu gyaran injinsa sun kusa ƙarewa, kuma a 2019 UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya IASA sun yi gargaɗi cewa zuwa wajajen 2025 samun injina da kayan gyaransu zai zama da wuya sosai.

Mai gyaran rediyo ya tayar mana da wani tsohon dek, wato injin kunna kaset, ya canza bel ya goge kan da ke karatu. Kafin a sa kowane kaset sai an karya 'yan haƙoran nan biyu na sama don kar hannu ya kuskure ya danna jan maɓalli a goge murya, sai a duba ɗan soson da ke ƙarƙashin zaren ko ya faɗi, a juya da fensir a ji ko yana tafiya. Masu C-120, wato na minti 120, sun fi ban tsoro don zarensu siriri ne. Wanda ya yi fumfuna mun ware shi, baya shiga inji. Muna ɗauka ta manhajar Audacity a fayil ɗin sauti na WAV, 48 kHz da bit 24 wanda shine mafi ƙarancin abin da IASA ta ce, awa ɗaya na cin kusan gigabait guda. Ba a gaggauta shi, kaset na awa ɗaya awa ɗaya zaka zauna.

Nan ma matsalar dai ita ce ta hotuna. Murya na magana, wa ke magana? A jikin kaset an rubuta hira da Baba kawai, wane Baban? Babbar 'yar gidan ta zauna da mu da abin ji a kunne tana cewa wannan kawunmu ne, wannan mai tarin maƙwabcinmu ne. Wani wurin ta ce a tsayar, maganar cikin gida ce, a rufe wannan. Mun rufe.

21 ga Mayu

Ajiyar kwafi. Uku muke yi, ɗaya a kwamfutar ɗakin, ɗaya a faifan ajiya da ke kwana a wani gida can ɗaya gefen gari, ɗaya a intanet, duk ƙarshen wata ana sabuntawa kuma a buɗe wasu fayiloli a tabbatar suna buɗuwa. Filash da CD bama lissafa su a matsayin ajiya.

Wani a kwamiti ya ce tunda komai ya shiga kwamfuta me zai sa mu ci gaba da wahala da kwalaye. Sai na basu labarin aikin da BBC tayi a Birtaniya a 1986, inda sama da mutum miliyan ɗaya, yawancinsu 'yan makaranta, suka rubuta yadda garuruwansu suke suka ɗau hotuna, aka zuba a wasu manyan fayafayan leza guda biyu, don cikar shekara 900 da ƙidayar ƙasa ta 1086. Kafin 2002 injin da ke karanta fayafayan ya kusa ɓacewa, sai da masana jami'o'i suka yi aiki tuƙuru kafin a ceto abin, alhali littafin 1086 da aka rubuta a fata yana nan ana karanta shi. Don haka jadawalin sunayen nan ma za mu riƙa buga shi a takarda duk bayan wata uku mu ajiye a kwali, don shi ne abin da in ya ɓace ba sikanar da zata dawo mana da shi.

9 ga Yuni

Yau ce ranar ma'ajiyar takardun tarihi ta duniya, ranar da aka kafa majalisar ma'ajiyoyin tarihi ta duniya ICA a 1948, sai muka yi amfani da ita muka baje kwafin hotuna a barandar makaranta, kowanne da farar takarda a ƙasa da fensir a ɗaure da zare, an rubuta in ka san wani a nan ka rubuta mana da sunanka. Jama'a sun zo fiye da zatonmu. Malaman aji shida sun ba ɗalibai aikin gida kowa ya tambayi mafi tsufa a gidansu abu uku, sunan unguwar a da, ina ake ɗebo ruwa, da wace sana'a ce ta ɓace. Amsoshin ba duka za a dogara da su ba amma sun nuna mana ƙofofin da za mu ƙwanƙwasa, da ɗan gari akan ci gari.

Na faɗa wa masu sauraro abin da ya faru a Brazil ranar 2 ga Satumba 2018, gobara ta cinye gidan tarihin ƙasar a Riyo mai kaya wajen miliyan 20, har da faifan muryoyin harsunan da ba mai jin su yanzu, kuma bayan gobarar roƙon jama'a aka koma yi duk wanda ya taɓa ɗaukar hoto a ciki ya turo. Abin da ke wayoyin mutane da gidajensu shi ya zama madogara. Shi yasa kowane gida muke bashi kwafin kayansa, kar komai ya taru a ɗaki ɗaya.

17 ga Yuli

Ruwa ya sauka sosai kuma ɗan agogon auna danshi da muka rataye ya haura kashi 70 cikin ɗari. Fumfuna tana fara tashi in an wuce 65 aka daɗe a haka, abin da ake so tsakanin 30 da 50 ne. Bamu da na'urar sanyaya ɗaki kuma ba ma neman ta, wadda za a kunna a kashe ta fi rashinta illa don hawa da saukar ne ke sa takarda ta kumbura ta motse. Fanka muke kunnawa iska ta zaga, taga a buɗe da rana in gari ya bushe a rufe da yamma. Zafi ma abin lura ne, masana sun ce duk ragin digiri 5 yana kusan ninka rayuwar takarda, shi yasa mai waldan ya ce zai sa mana silin.

An kawo mana littafin bashi na wani tsohon mai awo da rufi ya zubar wa ruwa, jiƙe sharkaf. Jiƙaƙƙiyar takarda kwana biyu gareka kafin fumfuna ta kama. Bamu kai shi rana ba, bamu yi ƙoƙarin ɓare shafukan da suka manne ba, farar takarda muka riƙa sawa tsakani bayan kowane 'yan shafuka muna canzawa in ta sha ruwa, fanka na kaɗawa daga nesa, masu aikin da takunkumi. Ya bushe ya ɗan kumbura, inda aka rubuta da fensir tas yake, inda aka yi da wata shuɗiyar tawada ya bazu.

28 ga Agusta

Iyalan mai hoton garin na farko sun buɗe mana ɗakin da aka kulle kayansa. Kwalaye ne na nagatif, kowanne a 'yar takardarsa da lamba. Muna buɗe wasu warin tsami ya bugo mu irin na binega, alamar fim ɗin ya fara ruɓewa kenan, zai motse ya yi ƙuraje, kuma tururin yana harbin na kusa da shi, don haka masu warin mun raba su da sauran nan take kuma su za a fara ɗauka. Mun kuma duba gefen kowane fim, don wanda aka yi kafin farkon shekarun 1950 zai iya zama na naitiret mai kama wuta da kansa in ya ji zafi, waɗanda muke shakka mun fitar da su daga ɗakin takardu gaba ɗaya.

Amma abin da ya sa na kasa barci don murna ba nagatif ɗin bane. A ƙasan wani kwali ƙaramin ɗansa ya zaro littattafai masu bangon kwali, ashe marigayin duk wanda ya ɗauka sai ya rubuta lamba da suna da kwanan wata, wani wurin har da unguwa. Allah ya jiƙan bawan nan, ya yi mana rabin aikin tun kafin a haife mu. Littafi ɗaya ya ɓata a tsakiya, lambobin wannan tazarar sai dai mu koma wurin dattawa. Yanzu hotunan buhun Janairu masu hatimin situdiyonsa da lamba a baya, muna bin littafin muna cike gidajen da suka zauna fayau, kuma wurare da dama sunan da Inna ta faɗa a Maris shi muka tarar a rubuce.

25 ga Satumba

Zaman kwamiti kan kuɗi da kuma abin da bai kamata a baje ba. Zuwa yanzu da karo-karo muke tafiya, wani ya kawo kwali wani fanka wani ya bada lokacinsa, kuma duk abin da ya shigo ana rubutawa a karanta a zama. Nagatif ɗin nan sun fi ƙarfin sikanarmu, suna son mai haske ta sama. Mun duba shirin Endangered Archives Programme na Laburaren Birtaniya da gidauniyar Arcadia ke ɗaukar nauyi tun 2004, su kayan da suka girmi tsakiyar ƙarni na 20 suke tallafawa, ainihin kayan na zama a ƙasar da aka same su amma kwafin ana sa shi a intanet kowa ya gani. Na bayan haka akwai makamancinsa a laburaren jami'ar UCLA ta Amurka da aka fara a 2018, shi ya fi dacewa da yawancin kayanmu. Sharaɗin bajewa a intanet ɗin ne ya tsayar da mu, domin mutanen da suka je situdiyo don kansu suka je, kuma fom ɗinmu ya ba masu kaya alkawari. Ra'ayina shine mu nema amma akan kason da iyalai suka amince kaɗai, ko da zai rage girman abin da za mu samu. Wasu na ganin hakan zai raunana takardar neman. Ba a gama ba, an ɗaga zuwa zama na gaba bayan an ji ta bakin iyalan mai hoton.

Littafin bashin nan da muka busar, da wata rajistar marasa lafiya da ta shigo cikin kayan wani gida, duk mun rufe su, suna cikin jadawali an san akwai su amma ba mai buɗewa, jikokin mutanen ciki suna raye a garin nan. Shekara nawa za a rufe shima sai zama na gaba.

Kafin nan 'yan matan za su ci gaba da bin gidaje, akwai tsofaffi uku da aka ce mana jikinsu ya yi rauni, su za a fara da su satin nan da hotunan tazarar littafin da ya ɓata. Silin ya iso saura bugawa. Muna neman wanda ke da tsohon dek na kaset ko da baya aiki, mai gyara ya ce bel da kan karatu yake so ya cire ya ajiye.